Hokin Jiya ko Na Yau: Ina Za Ka Kai Kuɗinka da Darenka?

Ɗan yayata ya iso Kanada karatu a watan Satumba. Kafin Nuwamba ya ƙare sai ga wayarsa da dare. "Kawu, na tara 'yan kuɗi, ina so in je kallon hokin nan ko sau ɗaya ne, in ga abin da ke haukata mutanen garin nan. Amma a wurin aikinmu an raba mini hankali. Wani dattijo ya ce kada in ɓata kuɗina, wasan ya mutu tun tuni, in shiga intanet in kalli na da. Wani saurayi kuma ya rantse ba a taɓa yin zamani kamar wannan ba. Wa zan bi?"

Na yi dariya, don musun nan na tarar da shi ranar da na fara aiki a ƙasar nan, kuma har yau a ɗakin shan shayin ma'aikatarmu ba a gama shi ba. Amsar da na ba shi ta yi tsawo a waya, shi ya sa na zauna na rubuta, ko wani baƙon zai amfana.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallon gora ne ake yi a kan ƙanƙara. Mutum biyar da gola ɗaya a kowane ɓangare, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasa a hannu. Abin da suke bugawa faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zan riƙa ce masa ƙwallo don sauƙi. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20, agogo na tsayawa duk sa'ad da aka hura usur. Gudun ya yi yawa har ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili sai ya fita wani ya shigo, wasa na ci gaba. Babbar gasar duniya ita ce NHL, wadda aka kafa a Montreal a 1917. Ƙungiyoyi 32 ne yanzu, bakwai a Kanada, sauran a Amurka.

Bari in fara da hujjar dattijon, don ba a banza yake magana ba. In ya ce "da", shekarun 1980 yake nufi. A kakar 1981-82 ana cin ƙwallo takwas da ɗan ɗoriya a kowane wasa in an haɗa na ƙungiyoyin biyu. A wannan kakar Wayne Gretzky shi kaɗai ya ci 92. A 1983-84 ƙungiyarsa ta Edmonton Oilers ta zuba 446 a wasa 80, adadin da har yau ba a kamo ba. A 1985-86 ya tara maki 215, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya bayar aka ci. Wasu 'yan wasan ko hular kwano ba sa sawa, don dokar da ta wajabta ta a 1979 sababbin shiga kawai ta shafa. Craig MacTavish, na ƙarshe mai wasa kai ba hula, sai a 1997 ya yi ritaya. Kana ganin fuskar mutum, kana ganin giɓinsa, kana ganin gashinsa na kaɗawa.

Amma ni a ganina ba ƙwallayen ne dattijon ya fi kewa ba, ko da bakinsa ya faɗi haka. Gaba yake kewa. A lokacin ƙungiyoyi 21 ne kacal, kuma Edmonton da Calgary, maƙwabta a lardin Alberta, sau takwas suke haɗuwa a kaka guda, sannan sau da yawa su sake gamuwa a zagayen fitar da gwani. Daga 1983 zuwa 1990 babu shekarar da ɗayansu bai je wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakaran NHL, ba. Mutanen da suke gwabzawa sau takwas a cikin hunturu ɗaya, wanda aka fasa wa leɓe a Nuwamba yana nan riƙe da abin a Maris. Kowane dattijo a Alberta zai ba ka labarin daren 30 ga Afrilu 1986, wasa na bakwai, ana biyu da biyu, lokacin da ɗan bayan Edmonton Steve Smith ya so miƙa ƙwallo daga bayan ragarsu, ta bugi ƙafar golansu Grant Fuhr ta koma ciki. Ranar ce ya cika shekara 23 da haihuwa. Calgary ta wuce da wannan cin. Yanzu ƙungiyoyin biyu sau uku ko huɗu suke haɗuwa a kaka, 'yan wasa kuma suna yawan sauya gida, wanda kuka yi dambe da shi bara shi ne abokin ɗakinka bana.

Sai dambe. A hoki, in mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama rigar juna, alƙalai kan tsaya su bari har sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sannan a tura kowa benci na horo minti biyar. A ƙarshen shekarun 1980 da wuya a tashi wasa ba a yi ba. Yau kana iya kallon wasa uku ko huɗu a jere ba ka ga ko ɗaya ba. Kowace ƙungiya a da tana da ƙato ɗaya ko biyu da aikinsu ke nan, su kare taurari. Dave Schultz na Philadelphia ya tara minti 472 na horo a kakar 1974-75 kaɗai. Mu da muka tashi da kallon dambe bayan girbi ba ma buƙatar a fassara mana abin da ya sa jama'a ke miƙewa tsaye in an ja daga. Kuma ko a wannan layin muna da namu: Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975, wanda ya girma a Ontario, Buffalo ta ɗauke shi a 1994, ya zama haifaffen Nijeriya na farko da ya buga NHL. Ɗan baya ne, kuma ba ya gudun a yar da safa.

To, na bi shawarar dattijon da kaina shekarun baya. Na nemo cikakken wasa na tsakiyar shekarun 1980, ba guntayen da ake yankowa ba, na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe. Abin da ya fara ba ni mamaki golan ne. Ɗan ƙaramin mutum, kayan kariyarsa 'yan sirara, yana tsaye a ƙafafunsa yana harbin iska. Wani ya taho daga gefe ya sheƙa ƙwallo daga nesa, ba wanda ya tare wa golan gani, sai ga ta a raga. Irin wannan bugun golan makarantar sakandare na yau ba zai bari ya wuce ba. Sai gudun. In ka saba da na yanzu, za ka ɗauka an rage wa bidiyon sauri ne. Akwai fili ko'ina saboda 'yan baya suna ja da baya suna barin mutum ya yi tunani. Daɗin wasan da kurakurai ne suka haife shi, kuma kuskure abin kallo ne, ban musa ba. Sai dai tsakanin wannan cin da wancan akwai dogayen mintuna na shirme da guntayen intanet ba sa nuna maka.

Abin da dattijon ba ya so a tuna masa shi ne, zamanin da hoki ya yi lami na gaske ya zo ya wuce, kuma ba yanzu ba ne. Patrick Roy ya yaɗa salon tsaron raga na durƙusawa a gwiwa a baza ƙafafu a toshe ƙasan raga, kayan gola suka kumbura. A 1995 New Jersey Devils ƙarƙashin koci Jacques Lemaire ta share Detroit wasa huɗu ba ko ɗaya ta ɗauki kofi da dabarar tarko: mutum ɗaya ya tsaya gaba, huɗu su cunkushe tsakiyar fili, su jira ka yi kuskure. Da aka ga abin ya ci, ƙungiyoyi da yawa suka kwaikwaya. Ga riƙe riga, ga maƙale mutum da sanda, alƙali na kallo. Kafin 2003-04 cin ƙwallo ya faɗo zuwa biyar da ɗan kaɗan a wasa. Waɗanda suka fi kowa ci a kakar mutum uku ne, kowanne da 41, ko rabin na Gretzky ba su kai ba. Ɗayansu Jarome Iginla ne, kyaftin ɗin Calgary, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Wanda ya ce hokin wancan lokacin yana sa barci bai yi ƙarya ba.

Rikicin albashi ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗaya, ba a buga ko wasa ɗaya ba. Da aka dawo sai aka yi wa dokoki garambawul. Aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, dala miliyan 39 a shekarar farko. Aka halatta doguwar miƙa ƙwallo da ke tsallake layi biyu, aka rage girman kayan gola, aka hana shi taɓa ƙwallo a kusurwoyin bayan raga, aka umarci alƙalai su hukunta riƙe-riƙe, aka soke canjaras aka kawo bugun daga kai sai gola don raba gardama. Gyaran bai kama nan take ya zauna ba. A Nuwamba 2011 an yi abin kunya a Tampa: masu gida suka ja tarkonsu suka ƙi zuwa neman ƙwallo, 'yan Philadelphia kuma suka tsaya da ita a gidansu suka ƙi fitowa, har alƙali ya gaji ya hura usur. A 2014-15 Jamie Benn ya zama gwanin maki da 87 kawai.

Daga nan abin ya juya, kuma a nan saurayin ya fi dattijon gaskiya. A 2022-23 cin ƙwallo ya haura shida a wasa, Connor McDavid ya ci 64 ya tara maki 153. A kakar da ta biyo Auston Matthews ya ci 69. Ranar 6 ga Afrilu 2025 Alex Ovechkin ya ci ƙwallonsa ta 895 tun da ya fara wasa a NHL, ya wuce 894 ɗin Gretzky da aka daɗe ana cewa ba mai taɓa ta. Duk wannan a gaban gololin da suka fi na da girma da horo. Na taɓa zama kusa da gilashin da ya kewaye fili, layi na huɗu, wani abokin aiki ya ba ni tikitinsa. Talabijin na cutar wasan nan. Ƙarar ƙarfen takalmi yana yankar ƙanƙara, ƙurar ƙanƙara na tashi in mutum ya taka birki, sannan ƙato biyu su haɗu a jikin gilashi ya girgiza har ka ja da baya ba ka sani ba. Mutum na gudu kamar a kan babur, kansa a ɗage, ƙwallo na manne da bakin sandarsa. A gwaninta zalla, na yau sun yi wa na jiya nisa.

Game da damben da ya ragu, ni ba na cikin masu kukansa sosai. A bazarar 2011 mutum uku da aka sani da wannan aikin suka mutu cikin wata huɗu: Derek Boogaard, Rick Rypien da Wade Belak. Boogaard shekararsa 28, kuma da aka duba ƙwaƙwalwarsa an samu ciwon da yawan bugun kai ke jawowa. Haka aka samu a ƙwaƙwalwar Bob Probert, gogan damben Detroit, wanda ya mutu a 2010. A wannan tsakanin ne aka kafa dokar hana kai wa mutum hari a ka. Na gaya wa dattijon ma'aikatarmu haka wata rana, ya yi shiru yana juya kofinsa, can ya ce shi dai a da wasan yana da rai. Ban ja da shi ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma shi a shekarun 1980 saurayi ne mai gashi.

Duk da haka masu cewa wasan ya gundure su suna da abin kamawa, sai dai sukan ɗora laifin inda ba nan yake ba. Matsala ta farko tsawon kaka. Wasa sama da 80 kowace ƙungiya, daga Oktoba zuwa Afrilu, don a tace 16 daga cikin 32. Rabi ke wucewa. Ba jikin da zai iya zuba dukkan ƙarfinsa dare tamanin da wani abu, don haka akwai dararen da kowa ke lallaɓawa. Ta biyu tsarin maki, kuma wannan ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya ci yana da maki biyu. Wanda aka cinye a cikin minti 60 ba shi da komai, amma in ya ja wasan zuwa ƙarin lokaci yana da ɗaya ko an cinye shi. Ke nan in ana kunnen doki saura minti bakwai, ribar kowa ita ce kada a yi kasada, a raba maki ɗai-ɗai tukuna a je a nemi na ukun. Daidai lokacin da ya kamata wuta ta kama, sai ka ga kowa na tura ƙwallo kusurwa yana canjin 'yan wasa. Ta uku duba bidiyo. Tun 2015 koci na iya ƙalubalantar ci, sai a tsaya mintuna ana leƙen ko ƙafar wani ta riga ƙwallo tsallake shuɗin layin satar gida da faɗin farce. Mai kallon Firimiya ya san wannan ciwon. Ƙara da cewa kusan kowace ƙungiya salon wasanta ɗaya ne yanzu, kowa na da masu nazarin bidiyo da lissafi, kowa ya san daga ina ake ci.

Na taɓa faɗawa wannan ramin da kuɗina. Wani daren Talata a tsakiyar Janairu, sanyi na tsaga kunne, na sayi tikiti biyu masu tsada na ɗauki ɗana. Baƙin sun buga wasa a wani gari daren jiya, masu gida kuma ba abin da ya haɗa su da su. Aka yi ta tura ƙwallo ana bi. Abin da ya fi motsa jama'a a daren shi ne rigunan kyauta da ake harbowa cikin 'yan kallo. Yaron ya yi barci a kafaɗata kafin zubi na uku, hannunsa cikin kwalin gugguru. A hanyar gida na lissafa abin da na kashe har da wurin ajiye mota, na yi tsaki. In wannan ne wasan farko da mutum ya gani, zai koma ya ce dattijo ya yi gaskiya.

Wata uku bayan haka 'yan wasan nan dai su ne za ka gani kamar an canja su. Zagayen fitar da gwani yana farawa a Afrilu ya ƙare a Yuni: zagaye huɗu, kowanne sai ka ci abokin karawarka sau huɗu cikin bakwai. Babu makin ta'aziyya, babu bugun daga kai sai gola. In an tashi kunnen doki sai a yi ta ƙara minti 20 har wani ya ci, ko da za a kai tsakar dare. A 2020 Tampa Bay da Columbus sun shiga ƙari na biyar, golan Columbus Joonas Korpisalo ya tare ƙwallo 85, kuma duk da haka aka cinye shi. Gabar da dattijo ke nema tana dawowa da kanta, don mutanen da suka haɗu sau bakwai cikin mako biyu ba sa rabuwa da daɗi. A 2022 Calgary da Edmonton sun buɗe karawarsu da ci 9 da 6. A 2024 Florida ta ci Edmonton uku a jere a wasan ƙarshe, Edmonton ta rama uku, sannan Florida ta tsira da 2 da 1 a na bakwai. Haka wasan ƙasashe: ranar 15 ga Fabrairu 2025 a Montreal, Kanada da Amurka suka yi dambe uku cikin daƙiƙa tara na farko, bayan kwana biyar kuma McDavid ya raba gardama a ƙarin lokaci a Boston, Kanada ta ci 3 da 2.

Sai dai tikitin irin waɗannan dararen ba na aljihun ɗalibi ba ne. Shi ya sa na nuna wa ɗan yayata wata ƙofar da abokan aikinsa biyu ba su ambata ba, wato gasar matasa. Akwai uku a Kanada: WHL a yamma, OHL a Ontario, QMJHL a Quebec da lardunan gabas. Yara ne 'yan shekara 16 zuwa 20, kowa na neman a gan shi a ɗauke shi. Suna da gudun zamani, kuma suna tafka kurakurai irin na da, don haka wanda ke gaba da uku yana iya rasa su cikin minti biyar. A Calgary da Edmonton ma a filin manyan suke wasa. Kuɗin kujera ɗaya mai kyau a NHL na iya shigar da kai da iyalinka, kuma wasannin ranar Lahadi da rana cike suke da yara. Mai zuwa da iyali ya sani ana sayar da giya a filayen nan manya da ƙanana, tallar caca kuma ta cika wasannin talabijin tun da aka sassauta dokarta a 2021. Hutun da ke tsakanin zubi ya fi kwata na awa, yana isar mutum ya sami lungu ya yi Magariba. Akwai kuma gasar mata ta PWHL da ta fara ranar 1 ga Janairu 2024, wadda ta gyara abin da nake kuka da shi: maki uku take ba wanda ya ci a cikin minti 60, saboda haka ba mai zaman jiran ƙarin lokaci.

Abin da na ce masa a ƙarshe ke nan. Kuɗin da ke hannunka, cire kaɗan ka je wasan matasa, ka zauna kusa da gilashi, ka koyi bin ƙwallo da ido. Na da kuwa kyauta ne a intanet, ka kalli wasa ɗaya cikakke na Edmonton da Calgary don ka gane abin da dattijon ke gani in ya rufe ido. In dole sai ka shiga filin NHL kafin Afrilu, kada ka duba arha, duba wa za a kara da shi: maƙwabtan da ba sa ga-maciji, daren Asabar, ko ƙarshen Maris lokacin da ƙungiyoyin biyu ke kokawar gurbi. In Afrilu ya zo, ka taho gidana mu kalla a talabijin.

Ya ce, "To Kawu, in na koma wurin aiki wa zan ce ya yi gaskiya?"

Na ce ya tambayi dattijon inda yake a daren 30 ga Afrilu 1986, amma ya tabbata ya gama cin abincinsa kafin ya yi tambayar. Bayan kwana biyu ya turo mini saƙo: hutun rabin awa ne, mutumin ya cinye shi duka, har ya tashi tsaye yana nuna yadda ƙwallon ta bugi ƙafar Fuhr da sandar goge-goge.